Yadda ake raba wa masu tikitin kaka kujeru idan ƙungiyar makaɗa ta koma sabon zaure

Abin da nake fara gaya wa duk wanda aka ɗora wa wannan aiki shi ne ya cire rai da zancen kwashe lambobin kujeru daga tsohon zaure ya jera su a sabo. Ko lamba ta zo ɗaya, wuri bai zo ɗaya ba. Na daɗe a ofishin tikiti na wata ƙungiyar makaɗa ta okestra, irin mai makaɗa da yawa da ke kiɗa tare ƙarƙashin jagora ɗaya, ina kula da masu tikitin kaka, wato waɗanda ke biyan kuɗin jerin wasanni tun kafin kaka ta kama, su riƙe kujera guda shekara da shekaru. A cikinsu akwai wanda jagororin makaɗa uku ko huɗu suka zo suka tafi yana zaune a wuri ɗaya. Irin wannan mutum a takarda haya yake yi, amma a zuciyarsa kujerar tasa ce. In ka shiga aikin ba ka riƙe wannan ba, za ka sha mamakin yadda dattijo mai natsuwa zai ɗaga maka murya a waya saboda tazarar sahu biyu.

Sai dai ba da lallashi ake farawa ba. Da ƙidaya ake farawa.

Sababbin zaurukan kiɗa sukan fi tsofaffi ƙanƙanta, kuma da gangan ake yin haka, don sauti ya fi kama jiki a ɗaki madaidaici. Makaɗan Los Anjeles sun bar zauren Dorothy Chandler mai kujeru sama da 3,000 suka koma zauren Walt Disney a 2003, shi kuwa 2,265 gare shi. Na Montiriyal a Kanada sun bar zaure mai kusan 3,000 a 2011 suka shiga mai 2,100. A Niyok ba su ma sake gini ba, gyara suka yi wa zauren David Geffen, amma da aka buɗe shi a 2022 kujerun sun sauko daga 2,738 zuwa 2,200, an turo dandamalin gaba, an zuba kujeru a gefensa da bayansa. Ka ga kowane sahu ya tashi daga inda aka san shi ke nan. A Paris akasin haka aka yi, aka bar zauren Pleyel mai kujeru kusan 1,900 aka koma Philharmonie mai 2,400 a 2015. Wuri ya ƙaru, amma sabon ginin yana can arewa maso gabashin birni, nesa da unguwar da tsohon yake. A irin wannan hali, bayan tambayar wa zai samu wuri, akwai ta wa zai yarda ya biyo ku.

Adadin da mai zanen gini ya rubuta ba shi ne abin da ke hannunka ba. Cire kujerun gida da ake ajiye wa baƙin jagora da na baƙon makaɗi da 'yan jarida. Cire wuraren masu keken guragu da na 'yan rakiyarsu. A Amurka doka ce ta ƙayyade yawansu, zaure mai kujeru 2,200 sai ya ware wuri 18, kuma ba a yarda a tara su a lungu guda ba. Cire inda ake kafa kyamara ranar ɗaukar hoto. Sai babbar, kujerun bayan dandamali. A zauruka da yawa nan ne rukunin mawaƙa ke zama duk daren da ake buƙatarsu. Na Montiriyal ɗin nan, 200 daga cikin 2,100 na mawaƙa ne. In ka sayar wa mutum tikitin kaka a wurin, ka san za ka tayar da shi sau ɗaya ko biyu a shekara, don haka tun yanzu ka tanadi inda za ka kai shi, ka kuma rubuta masa haka kafin ya biya.

Sannan ka ware kason masu sayen tikitin dare ɗaya. Shekarar farko kowa na son ganin sabon gini, shugabanni kuma za su so a sayar da komai ga masu tikitin kaka tunda kuɗinsu tabbas ne. Ni ban goyi bayan haka ba. Wanda ya zo yau kallon gini, in ya samu kujera mai kyau, shi ne zai yi rajista baɗi. In lungu aka cusa shi, ka gan shi na ƙarshe. Kuma kar kason nan ya zama tarkacen da kowa ya ƙi. A kowane sashe a bar wasu.

Ƙidayar dare-dare ake yin ta, ba jimilla ba. Za ka iya samun jerin Alhamis da sauran wuri, na Asabar kuwa ya cika ya batse. Idan masu Asabar sun fi kujerun Asabar yawa, babu dabarar rabon da za ta fishe ka. Sai dai a ƙara dare, ko a buɗe jerin Lahadi da rana, ko a raba dogon jeri gida biyu. Wannan kuwa ba hurumin ofishin tikiti ba ne, yana taɓa kwangilar makaɗa da jadawalin baƙi da ake tsarawa tun da nisa. Kai wa shugabanni lissafin da wuri, shekara biyu kafin ƙaura in da hali.

Daga nan sai rumbun bayanai, aikin da ya fi kowanne gundura. Tambaya ɗaya ce za ka amsa a kan kowace rajista: wane ne mai wannan kujera, kuma tun yaushe? A baki da sauƙi. Za ka tarar da rajista da sunan mutumin da ya daɗe da rasuwa, matarsa ce ke biya. Za ka tarar da kujeru huɗu da sunan mutum ɗaya, alhali abokai huɗu ne ke haɗa kuɗi, uku ba su taɓa shiga littafinku ba. Akwai ma'auratan da suka rabu, kowa na cewa shekarun nasa ne. Akwai kamfanin da ya sake suna sau biyu. Akwai wadda ta tsallake shekara guda saboda jinya, da ta dawo kwamfuta ta maida ita sabuwa fil. Akwai kuma waɗanda suka fara tun zamanin kati da biro, amma da aka shigo da kwamfuta ofis sai aka rubuta musu duka shekara ɗaya, suka zama sa'annin juna a ƙarya.

Ka yanke hukunci a kan kowane irin waɗannan kafin ka san sunan wanda zai shafa. Nawa hukuncin ga shi. Matar mamaci ta gaji shekarun mijinta, haka miji. Tsallake shekara ɗaya ba ya goge tarihi, uku a jere na gogewa. Ma'auratan da suka rabu kowa ya tafi da shekarun gaba ɗaya, ba a raba su biyu. Abokan da ke haɗa kuɗi a ba su dama sau ɗaya su raba rajista, kowa da shekarun da zai iya kawo shaidarsu. Sai ka aika wa kowa wasiƙa ka ce ga abin da muka rubuta a kanka, shekarar farawa, yawan kujeru, da dare, in akwai kuskure ka sanar da mu kafin rana kaza. Karɓi duk shaidar da hankali zai ɗauka, tsohon rasit, guntun tikiti, takardar banki. Za ka ga mutane sun zo da ambulan da ya yi ja don tsufa, cike da guntayen tikiti a jere shekara bayan shekara. Ranar ta wuce, a rufe littafi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: wa zai fara zaɓa? Ma'aunai huɗu ne ake jayayya a kansu ko'ina, daɗewa, gudummawar kuɗi, yawan wasannin da mutum ke saye, da darajar kujerar da yake kai a tsohon zaure. Ofishin tara gudummawa zai ce da kuɗin masu bayarwa aka ɗaga ginin, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ofishin tikiti zai ce wanda ya yi shekara talatin yana zuwa, ana ruwa ana sanyi, bai kamata wanda ya rubuta cek jiya ya sha gabansa ba. Su ma ba su yi ƙarya ba. In ka bar ofisoshin nan biyu su sasanta da kansu, za a buɗe zaure ba su gama ba.

Ga yadda nake ganin ya fi. Fara da sashe. Raba tsohon zaure gida biyar ko shida bisa daraja, raba sabon ma haka, ka haɗa kowanne da takwaransa. Mai sashe na ɗaya yana da haƙƙin sashe na ɗaya muddin akwai wuri. A cikin kowane sashe kuma sai a jera mutane da maki: maki ɗaya kan kowace shekara, 'yan maki kan dogon jeri, sai makin gudummawa mai iyaka, wanda ba ya wuce wani adadi komai yawan kuɗin. A ce iyakar goma ce. Mai shekara 28 da bai taɓa ba da komai ba yana da 28. Mai shekara 12 da ya kai iyakar gudummawa yana da 22, dattijon na gabansa. Mai shekara 20 da ya kai iyaka yana da 30, ya sha gaban dattijon da kaɗan, kuma wannan abu ne da za ka iya kallon idon mutum ka bayyana masa. Wanda ba za ka iya bayyanawa ba shi ne ɗan shekara biyu ya tsallake kowa. In maki ya zo ɗaya, a jefa ƙuri'a gaban shaidu, a rubuta sakamako.

Manyan masu bayarwa, waɗanda sunansu zai hau bango, a ware musu adadin kujeru sananne tun farko, a faɗa a fili cewa kujeru kaza na waɗanda suka gina zaure ne. Mutane sukan haɗiye wannan in an gaya musu. Abin da ba sa haɗiyewa shi ne su gano da kansu daga baya.

Akwai wani abu da yakan kuɓuce wa masu tsara maki. Sassan ba za su zo daidai a girma ba. A ce sashe na ɗaya a tsohon zaure yana da masu tikitin kaka 400 a daren Asabar, takwaransa a sabo kuma 320 kawai zai ɗauka. Mutum 80 sun faɗo ke nan. Ni nakan sa su su fara zaɓa a sashe na biyu, in kuma sa su a kan jerin masu jiran komawa sama. Amma ka lura, 80 ɗin nan za su ture wasu daga ƙasan sashe na biyu zuwa na uku, waɗancan ma su ture na gaba, har turin ya kai ga masu kujeru mafi araha, waɗanda ba su da inda za su faɗa. Gwada rabon a kwamfuta daga farko har ƙarshe kafin ka sanar da komai, ka ga mutum nawa ne ke ƙarewa a waje. In da akwai, ka koma kan maganar ƙara dare.

Ƙa'idar nan ka kai ta gaban hukumar gudanarwa su amince a rubuce, kowa ya sa hannu, tun kafin wani ya ga taswirar kujeru. Tun ran gini tun ran zane. Ranar da wani ɗan hukuma zai kira ka yana nema wa surukinsa alfarma, takardar da ya sa wa hannu da kansa ita za ta cece ka. Alfarma ɗaya ta isa ta rushe aikin, don masu tikitin kaka sun san juna, sun san wa ya fara wace shekara, kuma a hutun tsakiyar wasa na daren farko ba abin da za su yi sai kwatanta wurare.

Haɗa sashe da takwaransa ba a kan tebur ake yinsa ba. Ari hular kwano ka shiga ginin tun ana aiki. Tsofaffin zauruka irin Musikverein na Biyana da aka buɗe a 1870, da na Boston na 1900, dogaye ne masu kusurwa huɗu, makaɗa a ƙarshe ɗaya, kowa na fuskantarsu. Tun da zauren Balin da mai zanen gini Hans Scharoun ya zana ya buɗe a 1963, mai dandamali a tsakiya da jama'a kewaye da shi hawa-hawa, sababbi da yawa suka bi wannan salo, har da Walt Disney da na Paris da Elbphilharmonie na Hamburg. In daga na farko kuke komawa na biyu, taswirar da ke cikin kan mutanenku ta tashi aiki. A Hamburg babu kujerar da ta wuce mita 30 daga jagoran makaɗa, don haka wanda ke tsoron a tura shi baya ba shi da abin tsoro sosai. Abin tsoron shi ne hawa. Matakalan irin waɗannan zauruka na da tsayi, kuma masu tikitin kaka galibi dattawa ne.

Zauna a kowane rukuni, a sahun farko da na ƙarshe da kujerar gefe. Tafi da gajere cikin abokan aikinka da kuma dogo. Gajeren zai gaya maka inda ƙarfen baranda ke yanke masa rabin makaɗa, dogon zai gaya maka inda gwiwa ke dukan kujerar gaba. Ƙirga matakala daga ƙofar lifta zuwa kowane sahu, ka rubuta adadin a jikin taswira. Wannan lamba za ta yi maka amfani a waya fiye da duk hotunan da kamfanin gini zai ba ka. In an fara gwajin sauti da makaɗa, kar ka bari ya wuce ka, ka riƙa sauya wuri ana cikin kiɗa.

Kowane ɓangare da masoyansa. Masu son fiyano hagu suke nema, don daga nan ake ganin yatsun mai kaɗawa. Bayan dandamali kuwa akwai waɗanda za su so shi ƙwarai, saboda fuskar jagora suke kallo, suna ganin duk alamar da yake yi wa makaɗa. Amma masu busa ƙaho da masu ganguna suna dab da kunnensu, mawaƙi kuma ya ba su baya. A Janairun 2019 a Hamburg, mawaƙi Jonas Kaufmann na cikin waƙa wasu daga cikin mazauna bayan dandamali suka yi ƙorafin ba sa jin sa, har maganar ta shiga jaridu. Don haka kar ka cusa kowa a can ba da saninsa ba. Ka bayyana daɗin da rashin daɗin, wanda ya zaɓa ya zaɓa.

Wannan ne ya kawo mu fom ɗin tambayoyi, kuma a nan ne nake ganin ake cin nasara ko a faɗi. In ka tambayi mutum wace kujera yake so, amsa ɗaya ce: irin tawa ta yanzu. Tambayar da ke da amfani ita ce, me kake so a jikin kujerarka ta yanzu? Ba shi abubuwa ya jera bisa muhimmanci: kusa da makaɗa, tsakiya, bakin hanya, rashin matakala, kusa da ƙofar fita, zama tare da wasu, iyakar abin da zai iya biya, da ko zai yarda ya sauya dare in hakan zai ba shi wuri mafi kyau. Ka bar fili ya rubuta abin da ba ka tambaya ba.

Wata dattijuwa ta dawo mana da fom ɗinta ba ta jera komai ba, sai layi ɗaya da ta rubuta cewa a bar ta yadda take. Kujerarta a tsohon zaure tana sashe mai tsada, kuma bisa makinta ba za ta samu takwararta ba. Da na kira ta, na ce, "Hajiya, me ya sa kika zauna a nan duk shekarun nan?" Ta yi shiru, ta ce ƙafarta ta dama ba ta lanƙwashewa, a bakin hanya take miƙe ta, kuma daga nan taku kaɗan ne zuwa ƙofa, tana fita kafin cunkoso ta kama jirgin ƙasa na ƙarshe. Ba ta ambaci sauti ba ko sau ɗaya. Muka ba ta bakin hanya a sashe mai sauƙin kuɗi, hanyar a damanta, kusa da ƙofar da ke fuskantar tasha. Wani kuma kunnensa na hagu ya mutu, don haka duk abin da yake so shi ne makaɗa su kasance a damansa. Babu maki ko kwamfutar da za ta gano maka waɗannan. Duk fom ɗin da ya dawo babu bayani, ko ya zo da fushi, ɗauki waya.

Maganar maƙwabta ita ma ba ƙarama ba ce. Mutanen da suka yi shekaru suna zama kafaɗa da kafaɗa, ba su taɓa zuwa gidan juna ba, amma sun san wa ya yi jika, wa aka yi wa tiyata. Wasu za su zaɓi maƙwabta a kan kujera mai kyau. Ba su dama su nemi zama tare, kowa ya rubuta sunan kowa a fom ɗinsa. Ƙa'idata ita ce ƙungiya na shiga layi ne da makin wanda ya fi ƙarancin maki a cikinta. Da zafi, amma in ka ce da na mai maki mafi yawa, kafin mako guda kowane mai shekara talatin zai tashi da sababbin aminai shida.

Hanyar rabon kanta iri biyu ce. Ko ofis ya raba bisa fom ya aika wa kowa sakamako, ko a kira mutane bi da bi bisa maki, kowa ya zaɓa daga abin da ya rage. Na fi son ta biyu nesa ba kusa ba. Wanda ya ga taswira da idonsa, ya ga abin da aka riga aka ɗauka, ya nuna da yatsansa, da wuya ya dawo ya ce an zalunce shi. Kuɗinta lokaci ne. A ce rajista 3,000 ce, kowacce minti goma, awa 500 ke nan. Tebur biyar zai gama a awa 100, wato wajen mako biyu da rabi na aiki in komai ya tafi daidai, kuma ba ya tafiya daidai. Ba wa kowa rana da lokacinsa, ya zo da kansa ko ya kira ko ya shiga intanet. Wanda zai yi tafiya ya wakilta wani, ko ya yarda ofis ya zaɓa masa bisa fom ɗinsa. Wanda lokacinsa ya wuce bai zo ba, a zaɓa masa nan take, kar a jira shi kuma kar a jefa shi ƙarshen layi. Ma'aikatan tebur duka su riƙa kallon taswira ɗaya da ke sabunta kanta, in ba haka ba za a sayar da kujera ɗaya wa mutum biyu.

Hana kowa barin kujera tilo a tsakani. In sahu ya rage uku, mai neman biyu ya ɗauka daga gefe. Yawancin mutane bibbiyu suke zuwa, kujera tilo kuma wahalar sayarwa gare ta. Waɗanda suka tsira duk da haka, ka nuna wa masu rajistar kujera ɗaya, sukan samu wuri mai kyau fiye da makinsu ta wannan hanya.

Farashi ya fito kafin zaɓi, sashe-sashe, ba bayansa ba. Mutum ya san abin da zai biya kafin ya nuna wuri. In za a yi ƙari, kuma galibi ana yi, ka tabbata akwai sashen da kuɗinsa bai wuce na tsohon zaure ba, don wanda ke rayuwa da fansho ya samu inda zai tsaya.

Kar ka buga tikiti da zanen gini. Abin da aka zana da abin da aka kafa sukan bambanta: a cire kujera biyu saboda ginshiƙi ko hanyar fita ta gaggawa, a sauya inda lamba ke farawa, a ƙara faɗin hanya. Sai an ɗaure kujeru an manna lambobi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da taswira a hannu. Kuma wasiƙar da za ka aika ta faɗi abin da zai faru in gini bai kammala a kan lokaci ba. Elbphilharmonie a 2010 aka so buɗe shi, sai Janairun 2017 aka buɗe. Na Paris an buɗe shi a Janairun 2015, mai zanensa Jean Nouvel ya ƙi halartar bikin yana cewa ba a gama ba. Ka riƙe tsohon zaure da tsohuwar taswira a hannu har sai ka ga takardar izinin shiga sabon.

Wasiƙun tabbatarwa su fita rana ɗaya, ba Juma'a ba, don kar mutum ya kwana biyu yana tafasa babu wanda zai ɗauki wayarsa. A ciki a sa taswira da alamar kujerarsa, ƙofar da zai shiga, yawan matakala, da lambar wayar da mutum ke ɗauka. Ƙara ma'aikata a makon. Koya musu su saurara har ƙarshe kafin su kawo ƙa'ida, kuma kar wani ya yi alƙawarin da ba ya cikin takarda. In da hali, buɗe ginin kwana biyu ko uku kafin wasan farko, kowa ya zo ya zauna a kujerarsa, ya gano banɗaki da lifta da wurin ajiye riga ba cikin cunkoso ba. Rabin ƙorafin daren farko daga ɓatan hanya yake fitowa.

Ajiye 'yan kujeru masu kyau a kowane sashe, biyu ko uku cikin ɗari, waɗanda ba sa cikin taswirar zaɓi. Na gyaran kuskure ne da larura: wanda aka rubuta wa shekara ba daidai ba, wanda ya karye a ƙugu bayan ya zaɓi bene, kujerar da aka gano ƙarfe na tare ta. Mutum ɗaya ne zai riƙe makullinsu, kuma duk wadda ta fita a rubuta dalili. Su ne farkon abin da masu neman alfarma za su hango.

Gaya wa kowa tun farko cewa shekarar farko ta gwaji ce, amma kar ka buɗe musanya sai bayan wasa na uku. Da yawa daga masu kuka a daren farko, kafin na uku sun saba, wasu ma sun fi son sabon wurin. Waɗanda suka rage, rubuta su a jeri bisa makin nan dai da aka yi rabo da shi, ka fara da masu larurar jiki. Babbar musanya sai lokacin sabunta rajista, sa'ad da masu zuwa kallon gini suka janye, kujeru suka saki. A lokacin ne 80 ɗin da suka faɗo daga sashe na ɗaya za su fara komawa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya daɗe tare da ku bai sabunta ba, kar a aika masa wasiƙar da ake aika wa kowa. Kira shi, da taswirar abin da ya saki a gabanka, ka tambaye shi ko kujerar ce ko hanyar zuwa ce ko kuɗin.